Baƙar mota, hazo da tsumman maigadi: amsa ga wadda ba ta da lokacin wanki

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Kano: "Assalamu alaikum. Ina da Camry baƙa 'yar Kwatano, shekara biyu ke nan tana hannuna. Tun da sassafe nake fita, wani lokaci a asibiti nake kwana, ba ni da lokacin tsayawa a kan wanki. Maigadi ne yake goge ta kullum da safe, ranar Asabar kuma a kai ta gidan wankin mota. Duk da haka fentin ya dusashe, in rana ta haska ta sai a ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Wani ya ce in yi mata seramik in huta. Wace hanya ce mafi sauƙi da zan bi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan jinya.

Tun kafin in kai ƙarshen saƙonki na gane inda gizo yake saƙar, domin irin motarki nake gani kusan kowane mako tun da na fara aikin fenti da gyaran jikin mota. Kulawa ce ta yi mata yawa, kuma ta hanyar da ba ta dace ba. Wannan zanen da kike gani a rana, mafi yawansa aikin tsumman maigadi ne, ragowar kuma na gidan wanki. Kada ki yi masa faɗa. Bawan Allah ƙwazo yake nunawa, garin neman gira ne ake ta rasa ido.

Bari in nuna miki abin da yake gogewa. Fentin da masana'anta ke yi wa mota hawa-hawa ne. Akwai na can ƙasa mai hana tsatsa, wanda ake tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya a cikinsa, sai firama, sai launin da ido ke gani, sannan a rufe da wani ruwa garai-garai marar launi da mu a gareji muke kira kiliya. Duk ƙyallin mota daga kiliya yake fitowa, ita ce kuma ke tare rana kada ta cinye launin. In aka haɗa hawa huɗun nan, kaurinsu a yawancin motoci yana tsakanin maikuron 100 zuwa 150. Maikuron ɗaya shi ne milimita in an raba ta gida dubu. Farar takardar ofis da kike rubutu a kai kaurinta wajen maikuron 100 ne, kiliya kaɗai kuwa ba ta cika wuce 40 zuwa 50 ba, wato rabin takarda. Kuma ba fata ba ce balle ta warke. Abin da aka kankare ya tafi ke nan har abada.

Sai kuma ƙurar. Hazon da ke lulluɓe mu daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, mai yawa daga cikinsa daga kwarin Bodele yake tasowa a ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki a arewa maso gabashin Tafkin Chadi na yanzu. A hannu za ki ji shi laushi kamar hoda, amma a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin yashi na dutsen da masana ke kira kwaz. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, kwaz yana kan 7, gilashi kuwa bai kai 6 ba. Abin da zai iya karce gilashi, ina ga kiliya, wadda dangin roba ce? In ƙurar nan tana zaune a kan bonet ba wanda ya taɓa ta, ko ta yi sati biyu ba abin da za ta yi wa fenti. Da zarar an ɗora busasshen tsumma a kanta an ja, ta zama samfefa. Ki lissafa: sau ɗaya kowace safiya, shekara biyu, samfefa sama da sau 700 ke nan aka bi jikin motarki da ita.

Baƙar mota ba ta fi sauran saurin karcewa ba, tona asiri kawai take yi. Kowane siririn karce yana mayar da farin haske, a kan baƙi kuwa farin zare ba ya ɓuya. Ki duba motar maƙwabcinki mai ruwan azurfa da kyau, za ki ga nata zanen, sai dai daga nesa ba ya nunawa. Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata kafin ya sayi mota a Arewa, fara ko ruwan azurfa ko ruwan ƙasa nake ce masa. Ke dai an riga an saya, sai mu lallaɓa.

Saboda haka gyaran farko ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma cin minti ɗaya daga lokacinki: daga gobe maigadi ya daina taɓa jikin motar da tsumma, busasshe ko mai ɗan laima. Ya watsa wa gilasai ruwa ya share su, ya share fitilu da madubai, ya kakkaɓe tabarmin ƙafa, shi ke nan. Na san abin da zai biyo baya. Za ki shiga asibiti da mota ta yi futu-futu, wata abokiyar aiki ta ce Hajiya ko ruwa ya yanke a unguwarku ne. Ki daure. Su ma yara masu rubuta "a wanke ni" da yatsa a gilashin baya, in a kan fenti suka rubuta, rubutun nan yakan zauna bayan wanki, don haka a hana su.

Wanki sau ɗaya a mako ya wadatar, a lokacin hazo ma sau ɗaya a sati biyu ba laifi, tunda ko an wanke da safe kafin azahar ta sake yin fari. Abin dubawa shi ne yadda ake wankin, kuma a nan ne yawancin gidajen wankinmu ke yin gyaran gangar Auzinawa. Ki tsaya wata Asabar ki kalla da idonki. Bokiti ɗaya ne, an kaɗa omo a ciki. Soso ɗaya ne, da shi za a wanke taya da ƙarƙashin bamba, a tsoma a bokitin, a ɗora shi kan rufi. Tsumman tsanewa ya faɗi ƙasa, a ɗauka a yarfe a ci gaba. Motar da aka wanke kafin taki ta fito daga ƙauye da jar laka, yashinta yana nan a cikin soson.

Omo don tufafi aka yi shi, aikinsa ya fizge maiƙo daga zare, kuma yana da kaifi irin na kanwa. Duk wani kaki ko man kariya da aka shafa wa mota zai tafi da shi a wanki kaɗan, ya busar da robobin ƙofa, ya mayar da baƙar robar bamba ruwan toka. Garin da bai narke ba kuma shi ma yana karce. Sabulun wanke-wanke na ruwa ya fi shi dama, amma shi ma maiƙo yake nema. Shamfun mota bai fi su iya wanki ba, abin da ya fi su da shi santsi ne. Yana sa ƙwayar yashi ta zame a kan fenti maimakon ta tona shi, kuma ba ya taɓa abin da aka shafa.

Ga dabarar da nake ba masu aiki irinki, kuma na ga tana ci. Ki haɗa 'yar jaka ta zauna a but: kwalbar shamfun mota, safar hannu ta wanki ta maikurofaiba (wani yadi mai siraran zare da laushi ƙwarai) guda biyu masu launi daban, babban tawul na maikurofaiba guda ɗaya ko biyu don tsanewa. A shagunan kayan ƙawata mota ake samunsu, a Kano ki sa a duba miki wajen Ƙofar Ruwa ko manyan kantuna. Sannan ki zaɓi yaro ɗaya mai hankali a gidan wankin, ki ce shi kaɗai zai riƙa taɓa motarki, ki riƙa ƙara masa na goro a kan kuɗin wanki. Sau ɗaya za ki tsaya ki koya masa, daga nan ko direba ko maigadi ne ya kai motar, ya san aikinsa.

Abin da za ki koya masa ba shi da yawa. Ya fara da tayoyi da rim, da soson gidan wankin, domin ƙurar birki garin ƙarfe ce, ba ta da abin yi kusa da fenti. Sannan ya feshe motar da ruwa zalla tun daga rufi har ƙasa, ya daɗe yana yi, har sai ruwan da ke sauka ya daina fitowa da launin ƙasa. Wannan feshin na farko shi ne rabin wankin, shi ne kuma wanda suka fi yi wa gaggawa. Bayan haka bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. In ya wanke rufi, ya ɗauraye safar a ruwa zalla kafin ya mayar da ita cikin kumfa, yashin ya zauna a gindin bokiti na biyu. Daga sama zai gangaro, a miƙe ba a kewaye ba, kuma ba dannawa. Ƙasan ƙofofi da bamba su ne na ƙarshe, da safa ta biyu. Wajen tsanewa ya shimfiɗa tawul ya ja shi a hankali. Duk abin da ya taɓa ƙasa ya gama aiki a ranar sai an wanke shi.

Injin feshi mai ƙarfi yana da kyau, amma kada a kusantar da bakinsa fiye da tsawon kamu ɗaya daga jiki, musamman a gefen da aka taɓa sake wa fenti, don yana iya ɗaga shi kamar ɓawon albasa. Kuma ki hana su cusa shi cikin injin. Na sha karɓar motar da ta fito daga wanki tana rawa saboda ruwa ya shiga wajen fulogi ko wata mahaɗar waya.

Lokacin wankin ma yana da nasa. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, saman baƙar mota da ke rana yakan wuce digiri 70. Ruwa da kumfa suna bushewa a kai kafin a kai ga ɗaurayewa. Ki ɗora bayan hannunki a kan bonet, in ba za ki iya barinsa ba, ba lokacin wanki ba ne. Da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, kuma a inuwa.

Wannan ya kawo mu ga ruwan kansa, wanda mutane ba su cika zargi ba. Ruwan burtsatse da na rijiya a wurare da yawa yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam, su ne farin dattin nan da ke daskarewa a gindin butar shayi. In ɗigon ruwan ya bushe a kan fenti mai zafi, ruwan ya tashi, su kuma su zauna a matsayin farin zobe, in suka daɗe har su ci cikin kiliya. Shi ya sa watsa wa mota ruwa da safe a bar ta ta bushe a hanya ba shi ne mafita ba. In zoben sabo ne, farin khal da ruwa rabi da rabi a tawul mai laushi yana narkar da shi, a ɗauraye nan take. In kuma kina da na'urar sanyaya ɗaki a gida, ki sa jarka a ƙarƙashin bututun da take ɗigar da ruwa. Ruwan nan daga iska ya fito, kusan babu gishirin ƙasa a cikinsa, ba a sha amma babu kamarsa wajen ɗaurayar ƙarshe. Ruwan sama da aka tara bayan kwano ya wanku shi ma haka.

Akwai kuma wani nau'in wanki da ba a ɗaurayewa, wanda zai yi miki amfani in kina son a yi a gida ba tare da an sayi kurar ruwa ba. Sanannen cikinsu shi ne Optimum No Rinse: mililita 30 a cikin lita 8 na ruwa, a jiƙa tawul shida ko takwas a ciki, a share kowane sashe da sabon gefen tawul, a tsane. Cikin minti 20 an gama. Amma da sharaɗi. Turawan da suka ƙirƙiro shi ba su san hazo ba. In ƙurar ta yi kauri har ana iya rubutu a kai, ko akwai laka, dole a fara watsa ruwa ya sauke ta.

Yanzu ga seramik ɗin da aka ce ki yi ki huta. Wani ruwa ne mai sinadarin silika da ake shafawa, ya sandare a kan kiliya ya zama siririn rufi da bai cika wuce maikuron ɗaya ko biyu ba. Amfaninsa gaskiya ne: datti ba ya kama jiki sosai, ruwa yana zamewa, wanki yana sauri, kashin tsuntsu yana ɗaukar lokaci kafin ya yi illa, mai kyau kuma yakan yi shekara biyu ko fiye. Abin da ba ya yi shi ne hana karce. Za su nuna miki "9H" a jikin kwali su ce ya kusa kai lu'u-lu'u tauri. Wannan lambar ma'aunin fensir ce, ma'anarta fensir mafi tauri bai karce shi ba a gwaji, ba ta da alaƙa da ma'aunin duwatsun da na ambata. Yashin hazo yana karce seramik yadda yake karce kiliya. In aka yi seramik maigadi ya ci gaba da tsummansa, cikin 'yan watanni zanen zai dawo, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na biyu, seramik ba ya goge zanen da ke akwai, rufe shi yake yi a ƙarƙashinsa kamar hoto a cikin firem. Dole a fara wanke motar, a cire dattin da ya maƙale, a bi ta da injin folish har zanen ya tafi, a share maiƙon folish ɗin, sannan a shafa. Wannan shirin shi ne mafi yawan aikin da kuɗin, yini guda ko biyu yake ci. Ana kuma buƙatar rufaffen ɗaki, domin kafin ya sandare duk ƙurar da ta sauka a kai ta zauna ke nan, sannan motar ta kwana ba ta ga ruwa ba, ta yi kamar mako ba ta ga sabulu ba. Wanda ya ce zai yi miki seramik a ƙarƙashin rumfa a bakin titi, a watan Janairu, cikin awa ɗaya, wani abu dabam yake sayar miki da sunan seramik.

Da motata ce, ga abin da zan yi. Folish sau ɗaya, mai sauƙi, a hannun wanda ya iya. Daga nan sai man kariya na feshi, irin wanda ake kira silant ko seramik na feshi. Kamfanoni irin su Turtle Wax da Meguiar's da Sonax duk suna yi, wasunsu ma a kan jiƙaƙƙiyar mota ake fesawa bayan wanki, a ɗauraye ko a tsane, an gama. Minti 10 yake ƙara wa wanki, yaron wankinki zai iya, kuma a yanayinmu ki ɗauka zai riƙe wata uku. Kada ki wahalar da kanki da riƙe kwanan wata, ki ɗaura shi da yanayi: da shigowar hazo, da shigowar bazara, da faɗuwar damina, da ɗaukewarta. Gwajinsa mai sauƙi ne, ki zuba ruwa a bonet bayan wanki. In ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza, kariyar tana nan. In ya baje ya kwanta, lokaci ya yi. Ki dai kula da jabu, ki saya a inda za ki iya komawa ki yi magana.

Kakin gwangwani na gargajiya, wanda ake samu daga ganyen bishiyar karnuba ta ƙasar Brazil, yana ba baƙar mota wani irin zurfin ƙyalli da nake so ƙwarai. Sai dai yana narkewa a wajen digiri 82, tun kafin nan ma ya yi laushi, a ranar Kano 'yan makonni yake yi. Na masu sha'awa ne da ke da ranar Lahadi a hannunsu, ba naki ba.

Kafin kowa ya ɗora injin folish a motarki, akwai abin da za a bincika, tunda 'yar Kwatano ce. Da yawan motocin nan sun taɓa yin hatsari a can, an gyara an sake fenti kafin su iso hannunmu, wasu kuma dillalai sun riga sun ci kiliyarsu da folish don su yi ƙyalli a wajen sayarwa. Folish ba ƙara komai yake yi ba, rage kiliya yake yi har ta sauko daidai da gindin karcen. Mai aikin kirki yana da 'yar na'urar auna kaurin fenti, zai bi kowane sashe da ita. Inda ta nuna 300 ko 500, an sake fenti ko akwai cikon bodi a ƙasa. Inda ta nuna ƙasa da 80, a bi a hankali ko a ƙyale. Karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya riga ya wuce aikin folish. In kuma kin ga rufi ko bonet ya fara yin fari-fari yana ɓarewa kamar ƙyasbi, kiliyar ce ta mutu, babu man da zai tashe ta sai sabon fenti. Sashen da aka sake wa fenti kuma a ba shi wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin a shafa masa kowane irin man kariya. Kuma kada ki bari kowa ya goga mata baƙin mai ko dizal wai don ta yi ƙyalli, ƙura kawai suke kira. Man birki kuwa cin fenti yake yi kai tsaye, ko ɗigo ne ya zuba a wanke da ruwa nan take.

Abu ɗaya ne ba ya jiran Asabar, shi ne kashin tsuntsu da na jemage. Ban san inda kike ajiye mota a asibiti ba, amma na san kowa inuwar darbejiya ko mangwaro yake rububi. A can balbela ke kwana, a can jemagu ke cin 'ya'yan itace suna zubarwa, ga ƙaro da ruwan mangwaro. Kashin yana da tsami, kuma da rana kiliya takan yi laushi ta buɗe, da dare ta tsuke a kewayen busasshen kashin ta ɗauki siffarsa. A bazara yini ɗaya ya isa ya bar tambarin da wanki ba ya fitarwa. Maganinsa ledar fiya wata ɗaya da ƙaramin tawul a aljihun ƙofa. Ki jiƙa tawul ɗin sosai, ki ɗora a kai minti biyu ko uku ya jiƙu, ki ɗauke shi sama kamar yadda kike ɗaga bandejin da ya manne a ciwo. Kada ki murza, akwai tsakuwa da ƙwallon 'ya'yan itace a ciki. Ƙaron bishiya kuma sifirit ɗin da kuke da shi a wajen aiki yana narkar da shi, sai dai yana tafiya da man kariyar wurin, a sake fesawa. Kwalta in ta fantsamo, ɗan kananzir a tsumma mai laushi, a bi da sabulu. Da a ba ni zaɓi tsakanin rana tsirara da ƙarƙashin bishiyar da balbela ke kwana, rana zan ɗauka in sa abin tare gilashi.

Rigar mota, wadda mutane ke ganin ita ce ƙarshen magana, ba na ba mai sauri shawararta. A kan mota mai tsabta kawai take da amfani. In aka lulluɓa ta a kan ƙura, iskar hunturu ta kwana tana kaɗa ta, an ɗauki wani maigadin ke nan wanda ba ya barci. Kuɗin riga biyu ko uku da za su yage a shekara, gara a tara a kafa rumfar kwano a gida. Rana ce ke kashe rufi da bonet da saman but, ita ce ke mayar da fitilun gaba rawaya, rumfa kuwa ba ta neman a tuna da ita kowace safiya.

Ita ma ledar kariya da ake mannawa a jiki, wadda asalinta sojojin Amurka suka fara amfani da ita a fukafukan jirage masu saukar ungulu, tana da kauri wajen maikuron 150 zuwa 200, ita kaɗai ce ke tare tsakuwa da gaske. Ga mai yawan bin hanyar Zariya da Kaduna a bayan tireloli, bamba da goshin bonet sun cancanta. Ke da ke zirga-zirga cikin gari, tsadarta ta fi amfaninta, mai arha kuma rawaya take yi a rana. Gogar adaidaita sahu kuwa, wannan sai addu'a.

Da damina aikin yana komawa ƙasa. Ruwan farko yakan sauko da ƙurar da ke sama ya bar motar da ɗigon laka, a wanke ta a kwana ɗaya ko biyu. Sau ɗaya a wata a sa injin feshi a cikin mazaunin tayoyi da ƙarƙashin mota, domin laka tana riƙe laima, kuma motar da ta fito daga jihohin Amurka ko Kanada masu dusar ƙanƙara ta riga ta sha gishirin da suke zubawa a titi, tsatsa tana jiran dalili ne kawai. A kuma riƙa kwashe ganyen da ke taruwa a gindin waifa. In ya toshe magudanar wurin, ruwa cikin mota yake komawa, ki rasa daga ina warin kafet yake fitowa.

Tawul ɗin nan kuma su ma a kula da su, in ba haka ba su ne za su zama sabon tsumma. A wanke su su kaɗai da sabulun ruwa, ban da man laushin tufafi, ban da guga, a shanya a igiya ba a kan katanga ba, in sun bushe a mayar da su cikin jakarsu a rufe.

Shi kuma maigadi, in kika ce masa kawai ya daina, zai ɗauka ya yi laifi, ko kuma bayan kwana uku ya ga motar ta yi fari zuciyarsa ta kasa daurewa ya koma. Ki canja masa aiki. Duk sanda kika dawo, ya zagaya motar ya duba ko akwai kashin tsuntsu ya jiƙa ya ɗauke yadda na bayyana, ya leƙa tayoyi ko wata ta sauka, ya juye ruwan jarkar na'urar sanyaya ɗaki a babban mazubi, ranar wanki kuma shi ne mai riƙe jaka da sa ido a kan bokiti biyu. Tsohon tsumman nasa ki karɓa da hannunki, ki ba shi na goro a madadinsa, don in kika bar shi a rataye a jikin get, wata safiya kina barcin bayan aikin dare zai koma kan bonet.